Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu zana taswirar Fallout na gaba

Zuwa ga Malam Todd Howard da ɗaukacin ma'aikatan Bethesda da ke Rockville, jihar Maryland.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya ɗawainiya? Na san wasiƙar nan ta yi sammako, tunda tun 2022 Malam Todd ya faɗa cewa Fallout 5, kashi na gaba na gem ɗinku na duniyar bayan yaƙin nukiliya, sai an sallami ɗaya gem ɗinku, The Elder Scrolls VI, tukuna. Da gangan na yi sammakon. Tun ran gini ran zane. In kun riga kun kafa duwatsu kun shimfiɗa koguna, ƙorafin ɗan wasa ba zai matsar da ko tsakuwa ɗaya ba.

Ni ba maginin gem ba ne. Mai bugawa ne kawai, wanda ya fara da Fallout 3 a kan wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, da fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. Daga baya na koma baya na buga na 1997 da na 1998, sannan na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Maganar da ta kawo ni guda ce: ku ne gwanayen sa mutum ya bar hanya ya shiga daji, amma har yau ƙasar da kuke zanawa ba ta cika nuna yadda mutanenta ke rayuwa a kanta ba. Ina roƙon a gina ta gaba a kan ruwa da hanya da bakin mutane.

Bari in fara da yabo, don kun cancance shi. Ba na manta fitowata ta farko daga Vault 101, mafakar ƙarƙashin ƙasa da Fallout 3 ke farawa a cikinta. Ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta gungura ta rufe a bayana, na tura 'yar ƙofar katakon da ke bakin kogo, sai haske ya kashe mini ido, allo ya yi fari fat. Da ido ya washe, ga ni tsaye a kan tudu. Kangayen Springvale na kwance a ƙasa, ga tankin ruwa, ga katangar Megaton da aka harhaɗa da tarkacen jiragen sama, can nesa cikin hazo kuma ga hasumiyar Washinton. Ba wanda ya ce mini uffan. An ce in nemi mahaifina, amma ƙafata ta ja ni wani wajen, kuma duk inda na dosa sai na tarar da abin da ya biya ni wahalata. Garin Minefield da tsoho ɗaya ya shuke da nakiyoyi yana harbi daga saman kango. Vault 108, inda kowa sunansa Gary kuma ba abin da suke iya faɗa sai Gary. Lambun Oasis a arewa, kore shar a ƙasar da ciyawa ta manta da ita.

Wanda ya fi zauna mini a rai ko aike ba ne. Na kunna wata hasumiyar rediyo, sai ga muryar wani magidanci yana neman taimako, ɗansa ba lafiya, sun fake a wata magudanar ruwa kusa. Ba kibiyar nuna hanya, ba alama a taswira. Da kunne na neme su: in na matso murya ta fito tangaran, in na kauce ta cika da ƙara. Da na sami ƙofar na shiga, sai ƙasusuwa, da rediyon da ke ta maimaita kiran shekara ɗari biyu. Na daɗe zaune ban taɓa komai ba. Wannan aikinku ne, kuma ban ga wanda ya kama ƙafarku a irinsa ba.

To amma wata rana yayana ya zauna kusa da ni yana shan shayi. Direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a kan titi ya yi ta, gem kuwa bai dame shi ba. Ina cikin Tenpenny Tower a lokacin, wannan dogon otal da ke tsaye shi kaɗai a kudu maso yamma, cike da masu kuɗi sanye da kaya masu tsabta. Ya kalli allon, ya ce, “Kai, zagaya mini bayan gidan nan in gani.” Na zagaya. Ya ce, “To su waɗannan me suke ci? Ba gona, ba garke, ba kasuwa. Ta ina kaya ke zuwar musu?” Na ce, “Yaya, wasa ne fa.” Ya ce, “Wasa ne, shi ya sa.” Ya ci gaba da shan shayinsa.

Tun ranar tambayar ta maƙale mini. Abin mamaki, labarin Fallout 3 gaba ɗayansa a kan ruwa yake, a kan injin tace kogin Potomak da aka kafa a ginin tunawa da Jefferson. Amma taswirar kanta ba ruwa ne ya tsara ta ba. Na yarda Megaton na da injin tace ruwa mai yoyo, akwai kuma fatake huɗu masu zagayawa daga Canterbury Commons, na ga wannan. Sai dai yawancin garuruwan kamar rumfunan baje koli suke: nan garin yara zalla, can jamhuriyar mutum ɗaya da iyalinsa, can masu shan jini. Kowanne da daɗinsa in ka shiga, amma da za a ɗauke ɗaya a musanya shi da ɗaya, ba abin da zai girgiza.

Ku duba abin da mutanen kamfanin Obsidian suka yi a 2010 da injinku, cikin wata goma sha takwas kacal. A wasan nasu, Fallout: New Vegas, kusan aikin farko da ake ba ka a Goodsprings shi ne ka bi wata mafarauciya ku kori ƙadangaru daga rijiyoyin gari. Tun ba ka san komai ba an nuna maka inda garin ke sha. Ga garke, ga 'yan gonakin masara a bayan gidaje. In ka hau maƙabarta da dare, can arewa ga hasumiyar Lucky 38, gidan caca a birnin New Vegas, tana walƙiya, ka san nan za ka. Titi kuma a miƙe yake, babbar hanya mai lamba 15. Sai dai a Sloan leburori za su tare ka su ce kada ka wuce, Deathclaw, wasu ƙattan dodanni masu farata, sun mamaye wurin fasa dutse. Ɗaya hanyar ta bayan gari kuwa an kafa mata allunan gargaɗi, saboda Cazador, waɗannan manyan zanzaro masu dafi.

Ni ban ji gargaɗi ba, kamar kowa. Na ce allo ne kawai. Ban kai ga ɗaga bindiga ba na ga fikafikai ruwan lemo sun nufo ni a karkace, na faɗi. Na sake, na sake faɗuwa. A karo na huɗu na haƙura na bi kudu. Sai a hankali na gane hikimar zagayen. Primm ta nuna mini sojojin NCR, wato Jamhuriyar Sabuwar Kalifoniya, da ke da yawa amma ba su da ƙarfin tsare gari ɗaya. A Mojave Outpost na tarar da ayarin fatake an tsare su saboda hanya ba lafiya, kowa na zaune yana ƙirga asara. Nipton na ci da wuta, mutanen Kaisar sun gicciye mazaunanta, nan na fara ganin abokan gabar da ake ta ba ni labari. Novac kuwa tana ci ne daga tarkacen tashar gwajin roka da ke kusa da ita, shi ya sa da wurin ya gagari shiga duk garin ya shiga damuwa. Har 'yar kasuwar da ke kan gada sunanta 188 ne saboda nan hanya ta 93 ta haɗu da ta 95. Duk wanda ya san yadda mararraba ke haifar da kasuwa, da masu shayi da masu faci, ya gane wurin nan ba sai an yi masa bayani ba. Kafin in isa ƙofar birnin na riga na san su wa ke faɗa, na kuma san a kan me: madatsar ruwa ta Hoover, da wutarta, da bututun da ke kai ruwan tafkin Mead gonakin 'yan ƙodago a gefen gari. Taswirar ce ta karantar da ni siyasar.

Kuma hanyar arewan ba a kulle take ba. Wanda ya san ƙasa, ya samo na'urar nan mai kama da layar zana, yana iya saɗaɗawa ta gefen dutse ya isa cikin mintuna. Tsoro aka sa ya zama ƙofa, sani ya zama mabuɗi. A bugu na biyu na bi ta nan, zuciya na dukan uku-uku, kuma daɗin da na ji ya fi na kowace bindiga da na taɓa tsinta a akwati.

Kada ku ɗauka na zo yi wa New Vegas kirari ne. Tana da nata. Sau nawa na hau tsauni ina gab da ƙololuwa sai na ci karo da katangar da ido ba ya gani. Bukkoki da yawa an sa musu suna a taswira, ka je ka tarar da gwangwani biyu da katifa. Shi kansa babban titin cacar, da aka yi ta kwaɗaita mana shi tun daga maƙabarta, an yanka shi gida uku da ƙofofi, don na'urorin wancan zamani, Xbox 360 da PlayStation 3, ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce megabait 512 ba. Irin wannan ƙuncin ne ya sa ku ma kuka datse tsakiyar Washinton da tsibin ɓaraguzai, kuka tura mu ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa masu kama da juna, inda kibiya ke nuna gabas alhali hanyar tana yamma. Wannan uzuri ne na jiya. Na'urorin yau sun ɗauke shi.

Tushen abin da nake roƙo yana cikin na farkon, wanda Tim Cain da abokansa suka yi a Interplay. Taswirar Kalifoniya baƙa ƙirin take, sai inda ka taka ke buɗewa. Kwana 150 aka ba ka ka samo na'urar tace ruwa kafin mutanen Vault 13 su mutu da ƙishi, don haka kowace tafiya da kuɗinta, kwanaki kake biya. Wuri ɗaya tak aka nuna maka, Vault 15. A kan hanya kake tuntuɓe da Shady Sands, ƙauye mai rijiya a tsakiya da gonaki da shanu masu kai biyu, har kana iya koya wa manominsu sauya shuka. Yawancin sauran garuruwa ba sa bayyana sai wani ya yi maka kwatance, ko ka faɗa musu da kanka. Ka isa Vault 15 ba igiya, ka koma nemo igiya. A garin Hub kuwa 'yan kasuwar ruwa su ne masu faɗa a ji, kana iya biyan su su kai wa mutanenka ruwa ka ƙara kwana ɗari. Wanda ya taɓa jin yadda ayarin gishiri ke tashi daga Agadas ya ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma ya san wannan lissafi: tazarar da ke tsakanin rijiya da rijiya ita ke yanke inda za a yi zango, madugu kuma darajarsa a saninta take. Hamada ko kufan nukiliya, dokar ɗaya ce.

Na ga kun matso a Fallout 4, ba zan ci haƙƙinku ba. Akwai gonaki na gaske, akwai yaron da ke sayar da ruwa a Diamond City, birnin da kuka gina cikin filin wasa na Fenway Park. Boston a buɗe take, ana hawa rufin gidaje a bi ta kan karyayyun gadoji. Jan layin nan na Freedom Trail, da mutum ke bi da ido a ƙasa daga dandalin Boston Common har cocin Old North, ya nuna kun san daɗin bin sawu. Glowing Sea kuwa, a ganina, ita ce yanki mafi kyau da kuka taɓa zanawa: ƙasa ta ƙone ƙurmus, sama ta yi kore, na'urar auna guba na ta ƙyasƙyas, ka yi tafiya mai tsawo ba komai sai ƙololuwar coci da ta nutse cikin ƙasa. Dole ka yi guzuri kafin ka shiga. Ban taɓa jin ƙanƙantata a wasanku kamar a nan ba.

Sai dai sauran taswirar ta cika maƙil, kamar kasuwa ranar jajibirin salla. Ba ka taku ɗari sai wata sabuwar alama ta faɗo a kamfas. Kuma kashi mafi yawa na wuraren ƙarshensu ɗaya: ka shiga, ka harbe na ciki, ka buɗe babban akwati a ɗakin ƙarshe, taswira ta rubuta an share, bayan kwanaki wasu su dawo. Ga Preston Garvey, mai tura ka ceton ƙauyuka, da aikensa da ba ya ƙarewa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Concord. Deathclaw, dabbar da a hamadar Mojave ta New Vegas ta hana ni hanya sa'o'i ashirin, ku kuka miƙo mini ita a sa'ar farko, tare da sulken ƙarfe da bindiga mai ruwan harsashi. Daga ranar ta daina zama dodo.

Fallout 76 kuma ya zo da akasin haka a 2018. Ƙasar West Virginia, mai ninkin ta Fallout 4 kusan huɗu, ita ce mafi kyawun shimfiɗa da kuka yi: daji, da tsaunukan da suka raba ta biyu, da yankin tokar ma'adinan kwal, da fadama. Mutum na iya sanin inda yake daga launin ƙasa kawai. Amma ba ɗan adam ko ɗaya da za ka tambaya hanya, sai faifan muryar matattu da mutum-mutumi, har sai da kuka dawo da mutane a Afrilun 2020. Mu a wajenmu cewa ake matambayi ba ya ɓata. To wa zai tambaya?

Nan ne na zo kan kibiya. Ba ina cewa ku cire ta ba, akwai mai sa'a ɗaya kacal bayan ya taso aiki, ba shi da lokacin ɓata. Matsalar ita ce da zarar an san kibiya na nan, marubuci ya daina rubuta kwatance. Mai aike zai ce ga shi na sa maka a taswira, shi ke nan. In ka kashe kibiyar a saiti, ka zama makaho, don ba wanda ya ce maka ka bi layin dogo har ka ga tanki mai ja, ka saki hannun dama. Ku rubuta kowane aike kamar ba kibiya, sannan ku ɗora ta a kai ga mai so. Ku bar wani ya yi kwatancen da ba daidai ba don ya manta, wani ya yi ƙarya don yana da 'yan fashi a hanya. Da haka sanin wa za a yarda da shi zai zama wani ɓangare na sanin ƙasa.

'Yan Yukren sun nuna ana iyawa, ko da yake nasu ya fi karkata ga harbi. A S.T.A.L.K.E.R. na 2007, wanda GSC suka gina a kan yankin da aka killace bayan fashewar tashar Chanobil a 1986, ɗan wasa na jefa ƙusa gabansa kafin ya taka, don akwai tarkunan da sai iska ta ɗan motsa ake gane su. Fili mai faɗin tsakar gida sai ya ɗauke ka minti biyar. A Metro Exodus na 2019 kuwa taswira takarda ce a kan allo da jarumin ke ɗagowa a hannunsa, duniya ba ta tsayawa don yana dubawa, kuma in ya hau tudu ya leƙa da tabaron hangen nesa sai alama ta hau kanta. Yankunansu, bakin kogin Bolga da busasshen tekun Kasfiyan, ƙanana ne in an gwada da naku. Amma har yau ina iya zana su da ka.

Dalilin da ya sa na ambaci girma, kun san shi. Starfield ya zo a 2023 da duniyoyi sama da dubu, kuma 'yan wasa da dama sun shiga tasha iri ɗaya sak a duniyoyi daban-daban, da gawa a kusurwa ɗaya da takarda ɗaya a kan tebur. Ina tsoron kada wannan dabarar ta biyo ku cikin kufai. Labarin magidancin nan na rediyo ya yi tasiri ne saboda sau ɗaya ya faru, a wuri ɗaya, kuma hannun mutum ne ya ajiye shi. In na same shi sau uku, ya zama kayan ado.

Don haka in kun zauna zanen, ku fara da inda ruwa yake kafin ku sa gari ko ɗaya. Ku ja hanyoyin da kaya ke bi, ku bar kasuwa ta tsiro a mararraba, 'yan fashi su zauna inda hanya ta ƙuntata, ba inda aka ga fili ya yi yawa ba. In na kashe masu tare wata gada, ina so in ga farashin harsashi ya sauka a garin gaba. Ku bar wasu wurare su fi ƙarfina tun ranar farko, su ci gaba da fin ƙarfina har sai na shirya, kada a riƙa rage musu ƙarfi ko ƙara musu gwargwadon matakina. Ku kuma yi ƙarfin halin barin fili wayam, tafiyar minti uku ba alama ko ɗaya, don abin da ke ƙarshenta ya yi nauyi. Duk wannan ba ya hana ku abin da kuka fi iyawa. Rumfunan mamakinku su zauna, a dai sa musu rijiya da hanya. Kuma tunda Microsoft ta sayi Obsidian da inXile a 2018, ta kammala sayen uwar kamfaninku a 2021, yanzu gida ɗaya kuke da Josh Sawyer da ya jagoranci New Vegas. Tsakanin ɗaki da ɗaki ba a buƙatar ɗan aike.

Saura ƙaramin roƙo ɗaya, wanda ya shafe mu nan musamman. Tsarin wahala da kuka ƙara wa Fallout 4 a 2016, mai yunwa da ƙishi da hana naɗe ƙasa, wato danna taswira ka ɓace nan ka ɓullo can, shi ya mayar mini da Boston ƙasa ta gaske. Sai da na san kowane lungu tsakanin Hangman's Alley da Diamond City, na san inda katifa take a kowace unguwa. Amma a tsarin sai an kwanta barci ake adana wasa, mu kuwa a nan wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Ku rarraba saitin: mai so ya kashe naɗe ƙasa da kibiya, ya bar yunwa da ƙishi, amma ya riƙe damar adanawa duk lokacin da ya ji fanka ta fara rage gudu.

Yayana ya ce in gaishe ku, ya kuma ce in an gama zanen a turo masa ya duba ta inda mota za ta bi.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
wani mai buga gem daga Kano